Kare a bakin ƙofa: haƙƙin makaho da kurma na shiga inda kowa ke shiga

 

Na san wasu sun yi dariya da suka ga kan maganar. Ana fama da tsadar abinci da kuɗin mota, wani kuma zai tashi ya yi mana jawabi a kan kare. To ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci. Maganar ta mutumin da ke riƙe da igiyar karen ce, da kuma mai gadin da ya tsare ƙofa ya ce masa ba zai shiga ba. Kuma za ku ga yadda ta biyo ta dawo har ƙofar gidanmu.

Zan riƙa cewa makaho da kurma kai tsaye. Na san yanzu an fi son a ce masu buƙata ta musamman, kuma ban raina wannan ladabi ba. Amma da yawa daga cikin masu lalurar da waɗannan sunaye suke kiran kansu, har da sarautunsu da ƙungiyoyinsu, kuma abin da ya fi damunsu shi ne a buɗe musu ƙofa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus da dama sun dawo gida babu idanu, wasu iskar guba ce ta makantar da su, wasu ɓaraguzan bam. Wani likita mai suna Gerhard Stalling ya buɗe makarantar horar da karnuka domin su yi wa waɗannan sojoji jagora, a garin Oldenburg, a shekarar 1916. Wata Ba'amurkiya da ke zaune a Suwizalan tana kiwon karnuka, Dorothy Eustis, ta ga irin wannan aiki a Jamus, ta yi rubutu a kansa a wata mujallar Amurka a 1927. Aka karanta wa wani saurayi makaho ɗan garin Nashville, Morris Frank, wannan rubutu. Ya aika mata wasiƙa, ya tsallaka teku a 1928, ya dawo da karya mai suna Buddy. A farkon 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har yau tana aiki a jihar New Jersey. A Ingila kuwa wasu mata biyu ne, Muriel Crooke da Rosamund Bond, suka fara horar da karnuka huɗu a 1931, ƙungiyar da ke kula da aikin ta kafu a 1934.

Abin lura a tarihin Morris Frank shi ne samun karen bai kawo ƙarshen wahalarsa ba. Ya samu ƙafa, amma ƙofofi a rufe suke. Otal ya ce ba a shiga da dabba, gidan abinci ya ce haka, jirgin ƙasa ya ce a kai karen wajen kaya. Ya shafe shekaru yana zagaya Amurka yana roƙon masu otal da kamfanonin sufuri ɗaya bayan ɗaya. Roƙo kuwa kun san halinsa, yau a ba ka, gobe a hana ka, ya danganta da wanda ka tarar a bakin ƙofa da irin fuskar da ya tashi da ita.

Mutane da yawa suna zaton karen ne ya san hanya, ya ja makaho ya kai shi kasuwa. Ba haka ba ne. Mutumin ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, shi ke cewa dama, hagu, gaba. Aikin kare shi ne ya tsaya a bakin titi, ya tsaya a gindin matakala, ya kauce wa rami da turke da reshen da zai bugi goshin mai shi, ya nemo ƙofa, ya nemo kujerar da babu kowa. Ba ya karanta fitilar kan hanya, makahon ne ke sauraron motoci ya yanke shawarar tsallakawa. Amma akwai abu ɗaya da ake koya masa wanda ni ya fi burge ni: idan mai shi ya ce a tafi alhali ga mota tana tahowa, karen zai ƙi. An horar da shi ya saɓa umarni idan umarnin zai kashe ubangidansa. Ko a cikin mutane ba kowane yaron gida ke da wannan hali ba, balle a cikin 'yan siyasa.

Na kurame daban ne. Shi ana koya masa sautuka ne, ƙararrawar ƙofa, agogon tashi, kukan jariri, ƙarar na'urar gobara. Idan ya ji sai ya zo ya taɓa mai shi, ya kai shi inda sautin ya fito. A tsarin ƙungiyar da ke horar da su a Birtaniya, wadda aka kafa a 1982, idan sautin na haɗari ne kamar gobara karen ba ya kai mutum wurin, kwanciya yake yi a ƙasa, alamar a fita. Kurma kuma yana da wata matsala da makaho ba shi da ita. Lalurarsa ba a ganinta. Mai gadi ya ga mutum lafiya lau yana tafiya da kare, ya yi masa magana bai amsa ba, sai ya ɗauka raini ne. Shi ya sa a can ake sa wa karnukan kurame riga mai launin ja mai duhu, don a gane aikinsu tun daga nesa.

Horar da kare ɗaya yakan ɗauki kusan shekara biyu, ya yi aiki na wasu shekaru, ya tsufa a sallame shi. Kuɗin da ake kashewa mai yawa ne, kuma galibi ƙungiyoyin agaji ne ke ɗauka. Don haka idan direba ya ce wa makaho ya bar karensa a waje, daidai yake da a ce wa mai keken guragu ya ajiye kekensa a bakin ƙofa ya shigo da rarrafe.

A nan ne doka ta shigo. A ranar 26 ga Yuli, 1990, shugaban Amurka George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu. Ƙa'idojin da ma'aikatar shari'arsu ta sabunta, waɗanda suka fara aiki a 2011, sun fito da maganar fili yadda ko mai gadi zai gane. Duk inda jama'a ke shiga, shago, asibiti, otal, ofishin gwamnati, mai kare mai horo zai shiga da karensa. Idan ba a bayyane yake cewa karen na aiki ne ba, tambaya biyu kacal aka yarda ma'aikaci ya yi: shin ana buƙatar wannan kare ne saboda wata lalura, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi. Ba a yarda a tambayi mutum mene ne ciwonsa ba. Ba a yarda a ce ya kawo takarda ba. Ba a yarda a ƙara masa kuɗi ko a ware shi a wani lungu ba. Cewa wani kwastoma yana tsoron kare, ko jikinsa ba ya son gashin kare, ba hujja ba ce ta korar makaho, sai dai a nemi yadda za a raba musu wuri. Dokar kuma ba ta bar mai shago hannu rabbana ba. Idan karen ya fi ƙarfin mai shi, yana haushi yana kai cafka, ko yana ɓata wuri, ana iya cewa a fitar da shi, amma dole a ci gaba da yi wa mutumin hidima.

Birtaniya ta bi ta wata hanyar. Dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa masu kasuwanci nauyin sassauta ƙa'idojinsu domin mai lalura, kuma a kan motocin haya ta mayar da abin laifi. Direban tasi da ya ƙi ɗaukar fasinja saboda karen jagora, ko ya ƙara masa kuɗi, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000, kuma lasisinsa na iya shiga haɗari. Hanyar kuɓuta ɗaya ce, takardar keɓewa daga hukumar da ke ba da lasisi, bisa dalilin rashin lafiya. Japan ma ta yi tata dokar a 2002, ta haɗa karnukan makafi da na kurame da na masu lalurar motsi.

To shi ke nan an huta? Ina! Har yau makafi a Landan da New York suna kiran mota ta waya, direba ya iso, ya hango kare, ya taka mota ya wuce. A 2021 an yanke wa kamfanin Uber biyan kusan dala miliyan 1.1 a shari'ar wata makauniya 'yar jihar Kalifoniya wadda direbobi suka ƙi ɗauka ko suka wulaƙanta har sau 14. Kamfanin ya ce direbobin ba ma'aikatansa ba ne, masu zaman kansu ne, mai yanke hukunci bai karɓi wannan uzuri ba. Dokar ba ta gyara halin direbobi ba. Abin da ta yi shi ne ta ba matar wurin kai kuka, kuma kukan ya zama mai tsada ga wanda ya jawo shi. Haka kuma an samu masu cin zarafin dokar ta ɗaya ɓangaren, mutane lafiyayyu suna sayen riga a intanet su sa wa karen gida don su shiga jirgi da shi. Abin ya yi yawa har hukumar sufurin Amurka ta sauya ƙa'ida, daga farkon 2021 kamfanonin jiragen sama ba dole ba ne su ɗauki dabbar da aka ce ta kwantar da hankali ce kawai. Masu wannan ha'inci makafi suka cutar, domin duk lokacin da karen bogi ya yi ɓarna, mai na gaskiya ne ke shan harara gobe.

Yanzu ga inda maganar ta taɓa mu kai tsaye. A cikin direbobin tasi da aka gurfanar a Birtaniya kan wannan laifi akwai Musulmi, kuma wasunsu da addini suka kafa hujja. Wasu cikin masu sauraro na suna da 'yan uwa da ke tuƙi a can. Ni ba malami ba ne, ga malamai nan a zaune za su yi gyara, amma abin da muka taso muna ji a zaure shi ne malamai sun saɓa a kan kare. Shafi'iyya da Hambaliyya suna ganin najasa ne. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawanmu, duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da yawunta, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki ana ɗaukarsa a matsayin bin umarni ne. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kamo. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona. Mafarautanmu suna fita da karnuka a idon kowa, Fulani suna tsare garke da su. Idan an yarda kare ya tsare saniya, ina ganin tambayar ko zai tsare ran ɗan Adam a bakin titi ba mai wuyar amsawa ba ce. Malaman Birtaniya ma sun zauna a kai. A 2008 aka fitar da fatawa, wani masallaci a garin Leicester ya gina wa karen wani saurayi makaho wurin kwanciya a wajen shiga, ba a cikin ɗakin salla ba, yaron ya samu damar zuwa jam'i da ƙafarsa. Kada kuma mu manta da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, an sha bar masa riƙon Madina, kuma saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa.

Wani zai ce to mu nan ina muka ga karen jagora? Gaskiya ne, da wuya ka gan shi a titunanmu, kuma ba na yaudarar kowa cewa gobe za a fara raba karnuka. Kuɗin horo ya fi ƙarfin talaka. Kwatocinmu a buɗe suke, inda aka yi gefen titi don masu ƙafa 'yan tireda da masu babur sun mamaye, ga karnukan unguwa marasa rigakafi da za su far wa kare mai horo, ga tsoron ciwon haukan kare wanda tsoro ne na gaskiya. Amma mu ma muna da ɗan jagora, sai dai namu yaro ne. Ku dubi kowace tasha da ƙofar kowane masallacin Juma'a, za ku ga dattijo riƙe da ƙarshen sanda, yarinya 'yar shekara takwas ko tara riƙe da ɗaya ƙarshen. Wannan hoto ya shahara har an ƙera gunkinsa an kafa a harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba, don tunawa da yaƙi da cutar makantar bakin kogi. Yarinyar nan a lokacin ya kamata tana aji. Makantar mutum ɗaya ta cinye karatun mutum na biyu, kuma mun saba gani har ba ma jin komai. Duk abin da zai sa makaho ya yi tafiya shi kaɗai, farar sanda ce, koyon hanya ne, titi mai kyau ne, ko kare ne ga wanda ya samu hali, yaro ɗaya yake mayarwa makaranta.

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kafin zuwan ta boko. Garuruwanmu suna da Sarkin Makafi, wato shugabanci a tsare wanda za a iya zama da shi a yi magana. A ɓangaren doka, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu lalura a 2010, kuma yarjejeniyar ta yi maganar samar da 'yan jagora da masu karatu da tafintocin maganar hannu a gine-ginen jama'a. A watan Janairun 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu lalura. Dokar ta ce kamfanin da ya nuna wariya tarar naira miliyan 1, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta ce a ba su fifiko a layi. Ta kafa hukuma ta ƙasa. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga.

Wa'adin nan ya cika a watan Janairun 2024. Ku fita daga nan ku leƙa sakatariyar ƙaramar hukumarku, da kotun majistare, da bankin da ke kusa da ku, ku ƙirga nawa aka gyara. Ku duba ƙofar bankin nan mai kama da akwati wadda mutum ɗaya ke shiga da ƙyar, ku tambayi kanku yadda makaho da mai jansa za su wuce, balle mai keke. Ku je asibiti ku ga yadda kurma ke bayanin ciwonsa ga likita, sau da yawa ɗan uwansa ne ke fassara masa, har da abin da mutum ba ya son ɗan uwansa ya ji. Tarar dubu ɗari kuwa, kun san abin da take saya a 2019 da abin da take saya yau.

Bambancin da na gani tsakanin dokokin da suka yi aiki da waɗanda suka kwanta a durowa shi ne na farkon sun yi magana da mai gadi da direba. Sun faɗa musu abin da za su tambaya, da abin da ba za su tambaya ba, da abin da zai same su idan suka ƙi. Tamu ta tsaya a sama, ta ce kada a nuna wariya, mai gadin da ke karɓar albashin da bai kai ya kawo ba kuwa bai taɓa jin labarinta ba. Abin da ya sani shi ne oga ya ce kada a bar masu bara su shigo, kuma a idonsa duk makaho mai bara ne, ko da lauya ne ya zo da takardun shari'a.

Mu da muke neman ƙuri'a, abin ya shafe mu ta wata fuskar ma. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda makaho ya shiga rumfa da wanda ya zaɓa ya taimake shi, hukumar zaɓe kuma ta fito da jagorar takardar ƙuri'a mai rubutun makafi. Wakilanmu nawa ne a rumfuna suka san da wannan? Taron gangaminmu nawa aka tsayar da tafintan kurame a gefen mumbari? Muna tuna su ranar rabon shinkafa da atamfa, a jera su a rana a ɗauki hoto.

Don haka ga abin da nake roƙon wannan zama ya ɗauka. 'Yan majalisar jiha da muke da kusanci da su, a kai musu buƙata a rubuce. Inda jiha ba ta yi tata dokar ba ta yi, inda ta yi a duba ta, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa sandar makaho, da mai yi masa jagora, da tafintan kurma, da kare mai horo da rigakafi, suna shiga duk inda mai su ke da haƙƙin shiga, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Gara a rubuta maganar karen tun yanzu, domin 'ya'yanmu da ke karatu a waje da baƙi masu zuwa aiki za su sauka da su a filayen jiragenmu, kuma bai kamata a bar hukuncin a hannun wanda ke bakin ƙofa ranar ba. A zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi da na masu A Daidaita Sahu, domin su ne ke da iko a tasha fiye da kowace takarda. A nemi malamai su yi bayanin hukuncin a wa'azi, don kada direba ya ɗauka yana kare addininsa ne alhali yana barin bawan Allah a tsakiyar titi. Kuma kafin a rubuta ko layi ɗaya, a kira ƙungiyoyin makafi da na kurame su zauna a teburin, su suka san inda ake tare su.

Na kusa da mu kuma shi ne ofishinmu na mazaɓa. Ina roƙon shugaba ya sa a duba ƙofarsa da matakalarsa a wannan makon, kuma a zama na gaba a nemo tafintan maganar hannu, a sa kuɗinsa a cikin kasafin taron tare da na kujeru da lasifika.